Azumin da na kusa kai wa gobe

Unguwar Jarwal, Makka, daren Alhamis, 15 ga Ramadan 1436

Alhamdulillahi, yau na sha ruwa a gida, kuma da idona na ga rana ta faɗi! Jikina duk ciwo saboda zaman jirgi, amma har yanzu dariyar kaina nake yi.

Ni kaɗai na kama hanya har Tromso, can ƙarshen arewacin Norway, don Alhaji Abdi, Basomalen da na yi wa jagora a Mina bara, ya matsa sai na zo. Washegarin saukata na ɗauki azumi. Ya tafi aiki, ni kuma na fita bakin teku ina jiran magariba kamar yadda na saba. Ƙarfe tara, rana na nan. Sha ɗaya, ko gezau. Maƙogwarona kamar busasshiyar fata.

Can sai ga shi a guje da dabino da ruwa.

"Ya Shaikh, tun bakwai muka sha ruwa! Wata biyu rana ba ta faɗuwa nan. Jadawalin Makka muke bi."

Wato ni da na baro Makka, ni kaɗai ne ban bi Makka ba. Da labarin ya kai masallacinsu, tsofaffi suka yi dariya har da hawaye, sannan suka tura ni gaba in yi musu kiran salla.

Ɗazu da ladanin Harami ya kira magariba, Inna ta ga na riƙe dabino ina murmushi.

"Kai, ci mana, me kake jira?"

Na ce, "Inna, akwai waɗanda ke shan ruwa da faɗuwar ranarmu."