Kwamfutar Baba a Adakar Inna

Zuwa ga Yayana Almustafa, a Abijan.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Raƙiya da yara. Mu nan Tawa sai godiya. Damina ta yi albarka, geron Barmu, garin su Inna, ya fi mutum tsawo. Jikin Baba da sauƙi, mantuwar ce dai ke ƙaruwa. Jiya ma sai da ya tambaye ni ɗiyar wa ce ni.

Ka tuna tsohuwar kwamfutarsa, wadda ya yi shekaru yana buga wa mutane takardu da ita a bakin kasuwa? Ruwan watan jiya ya kayar da bangon ɗakin ajiya a kanta, gidanta na ƙarfe ya lotse kamar gwangwani. Markus mai gyara ya ciro allon cikinta, kore shar, da ƴan layukansa na zinariya sai ka ce gari aka hango daga sama. Ya ce allon da ransa, gida kawai yake buƙata. Tun ranar Baba ke zama gaban teburin da babu komai, yatsunsa na dannawa a iska. Wallahi Yaya, abin yana cin raina.

Na zaga Tawa kaf da allon nan naɗe cikin zane, ina lallaɓa shi kamar jinjiri. Gidajen kwamfutar yanzu duk sun ƙi shi, ramukan ƙusoshinsu ba su dace da nasa ba. Wani mai shago har dariya ya yi mini, wai allon ya girme ni. Na ce masa ai shi ya sa nake girmama shi! Daga baya Markus ya ce ko akwatin katako zai yi, in mai shi ya yarda a huda.

Inna tana jin mu. Da safe sai ga ta tana jawo adakarta ta katako, wadda aka kawo ta da ita daga Barmu bisa raƙumi, wadda ko ni ban taɓa leƙa cikinta ba. Ta kwashe zannuwan aurenta, ta ɗauke likkafanin da ta ajiye wa kanta, ta ce a huda. Allon ya zauna daram. Da aka kunna, ƴar fankar ciki ta fara juyawa, sai ƙamshin turaren Inna na shekara da shekaru ya cika ɗakin. Na lumshe ido, na gan mu muna yara a shagon Baba, kana hana ni taɓa komai.

Ka san Baba bai taɓa kama sunanka ba, kai ɗan fari, kullum sai dai "yaron nan". Da kwamfutar ta yi ƴar ƙararta ta tashi, ya ɗaga kai, ya dubi ƙofa, ya kira Almustafa ƙarara, ya ce ka zo ka ga ta tashi. Inna ta rufe fuska da mayafi ta fita. Kunyar ɗan fari ta bi sauran abubuwan da Baba ya manta, amma sunanka na nan. Ina tsoro, don ban san har yaushe ba.

Yanzu kowace safiya sai ya kunna ta ya kira ka, mu kuma mu ce kana hanya. Don Allah kada ka mai da mu maƙaryata.

Inna na gaishe ka, haka Kawu Dodo da Saratu. Ka gaida Raƙiya, ka shafa mini kan Nasiratu da Jamilu. Baba bai ba da saƙon gaisuwa ba, shi ƙofa yake kallo.

Ƙanwarka,
Haula