Yaya, wai wa ya yi nasara?

Assalamu alaikum, Yaya Buba. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya a duk inda aikin soja ya kai ka. Layinka ba ya shiga tun farkon damina, shi ya sa na rubuto a nan shafin sada zumunta, ko wani abokin aikinka zai gani ya nuna maka.

Ranar Alhamis na bi Baffa kasuwar Maigatari, na sa aka tura min fim a waya, irin mai fassarar Hausa. Na kalla har ƙarshe, kuma wallahi kaina ya ɗaure.

Wani saurayi ne tsawa ta faɗo masa, maimakon ya mutu sai ya samu ƙarfi. Yana tashi sama, yana ɗaga tirela da hannu ɗaya. Ya ɗinka riga mai matse jiki, ya rufe fuska, ban san dalili ba, tunda ba sata zai yi ba. Can ga wani mugu zai ƙone garin. Uwar saurayin tana kwance ba lafiya, aka zo kiransa, ya tsallake ta ya tafi. Tana ta ƙwala masa kira bai waiwayo ba. Ya ceci garin, ya dawo ya tarar ta rasu. Sai aka saki kiɗa, mutane na tafa masa, mai fassara na ihu wai jarumi ya yi nasara.

Wace nasara, Yaya?

Da kai ke warware min irin wannan. Ka tuna lokacin da kake dawowa daga gidan kallo a Gumel, ka zauna bakin rumbu kana ba mu labari, har da tsalle? In na dame ka da tambaya sai ka ce, “Ke dai ki bi ekta, shi ba ya kuskure.” To na bi shi, ban ga inda ya kai ni ba. Da ya zauna, da garin ya ƙone, da yara a ciki. Da ya tafi, ga abin da ya tarar. Na juya abin ta ko'ina, ya ƙi zama.

Inna ta hana a gaya maka, amma zan faɗa. Ƙafafunta sun kumbura, an kai ta asibiti, yanzu ko tsakar gida sai an riƙe ta. A gefenta na kalli fim ɗin bayan la'asar, ta juya baya wai tana tsintar wake.

Ka san Inna da kunyar ɗan fari. Sunanka bai taɓa fita daga bakinta ba, sai dai “wancan”. Da fim ya ƙare ta yi tsaki, ta ce matar nan ba ta da kunya, tana kiran sunan ɗanta a gaban jama'a. Sannan ta tambaye ni a hankali ko yaron ya ji kiran.

Na ce ban sani ba. Har yanzu ban sani ba.

Ba zan iya ce maka ka bar mutanen da kake tsarewa ba, su ma suna da iyaye. Amma ita Inna ba za ta taɓa kiranka ba, ko da numfashinta na ƙarshe ne. Ni ce nake kira a madadinta.

Allah Ya tsare ka, Ya ba Inna lafiya, Ya sa ka ji da wuri.

Ƙanwarka,
Hadiza, daga Sule Tankarkar