Rigar da Baba Ya Ɗinka wa Moter

Madawa, 4 ga Maris, 1996

Yaya Esther,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina gajiya, ina yara da maigida? Mu nan lafiya lau, sai zafin bazara.

Keken Baba ya hana ni sukuni. Kin san tun da aka yanke mai ƙafa bai sake taka garkar albasarsa ba sai an ɗora shi a amalanke kamar buhu, abin kuwa yana cin ransa. Na haɗa mai keke mai ƙafa uku a garajin asibiti, da batir biyu da moter, wato injin da ke juya ƙafar baya. Yana tafiya, amma minti goma ya yi zafin da ba a taɓawa. Na huda murfinsa wuri goma sha biyu, na yanka tsohuwar tukunyar alminiyom na yi mai fukafukai, na sa ƙaramar fanka, na canja sarƙa don ya rage wahala a yashi. Kai, na sha wuya! Jiya dai ya yi awa guda bai ƙona mini hannu ba. Asabar zan kai wa Baba keken can ƙauyenmu Tama.

Ƙanenki,
Toma

Madawa, 19 ga Maris, 1996

Yaya Esther,

Ina fata kuna lafiya. Ni kam raina a ɓace yake.

Moter ya ƙone ƙurmus, kwana tara kacal. Da na isa Tama na tarar an naɗe shi da buhu, an ɗinke tsaf, yadda muke yi wa bidon, wato jarkar ruwa, don ya yi sanyi. Baba ne. Kullum da safe sai ya jiƙa buhun, kafin ya kai rabin hanyar garka buhun ya bushe, ramukan iska kuwa duk a toshe. Aikin wata huɗu! Ban san sa'ad da na ɗaga mai murya ba, a gaban maƙwabcinsa Maigari da sauran mutane. Baba ya sa aka ɗora shi a amalanke, suka tafi.

Da zan taso Inna ta faɗa mini kwana biyu ya yi yana ɗinkin nan da basilla. Wai ya ji na yi ta kukan zafi, ba ya son rana ta ɓata aikin ɗansa. Yaya, na yi wa moter ramuka goma sha biyu, ban zauna na gaya wa Baba amfanin ko ɗaya ba.

Ki aiko mini da wayar tagulla daga Maradi, zan sake naɗa ta a cikin moter. Wannan na iya. Ki kuma rubuto mini yadda zan shiga zauren Baba, don ke ya fi jin maganarki. Buhun yana wurina, na kasa yar da shi.

Ki gaida kowa.

Ƙanenki,
Toma