Odar gyaran da na kasa rufewa

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara. Na rasa wanda zan gaya wa wannan magana ba tare da an ce in yi haƙuri kawai ba, haƙurin kuwa ina ta yi.

Ina aiki a wani kamfani da ke kwance manyan injuna da janareta, a wanke, a canza abin da ya lalace, a mayar. Ni ce mai kula da manhajar da ake rubuta ayyukan gyara a ciki. Duk injin da ya shigo, ni zan buɗe masa oda, in sa sunan makaniken da zai yi, in bi sawunta har a gama in rufe. Wadda ta wuce lokacinta sai ta koma ja, ta hau can saman jeri, tana hararar kowa.

Maigidana ma a nan yake aiki, makanike ne. Allah ya yi masa rasuwa watannin baya, ciwon kwana kaɗan. Kin ga mutumin nan, babu abin da ya tsana kamar manhajar nan. Da yatsa ɗaya yake rubutu, yana yi yana tsaki, wai shi injin zai gyara ko jarrabawa zai rubuta. Daga baya da ya gano ni ce nake karanta akwatin bayani, sai ya mayar da shi wurin tsokanata. Yana gama rubuta abin da ya auna, sai ya ƙara da cewa mai kwamfuta ta sauko ta ga aikin gaske. Ina sama a ofis, yana ƙasa cikin baƙin mai, ina dariya ni kaɗai kamar taɓaɓɓiya.

Aikinsa na ƙarshe janaretan wani mai gidan burodi ne. Ya kwance shi kaf, ya jera notuna cikin gwangwanaye yadda ya saba, ya rubuta: "An wanke, an auna, saura ringin fistin ya iso in ɗaura. A gaya wa mai kwamfuta kada ta mayar da ni ja." Bai ƙara taka wurin ba.

Da na koma aiki, na tarar odar ta yi ja, ta hau sama. Anti, kullum da safe in na kunna kwamfuta, sunansa ne farkon abin da nake gani. A gida an kwashe kayansa an raba, layin wayarsa ma an rufe. Nan ne kaɗai wurin da har yanzu ake lissafa shi cikin masu aiki, kamar ya ɗan fita ne zai dawo. Ina kewarsa, kewar da ban san akwai irinta ba. Wani lokaci ina jin ana buga guduma a ƙasa sai in leƙa ta gilashi, alhali na sani.

To ga matsalar. Ringin, wato kayan gyaran da yake jira, ya iso tuntuni, yana sito. Ni kuma na bar odar a kan "ana jiran kayan gyara", domin in na ba wani makanike sunansa zai gushe daga kan odar, in aka rufe kuma ta bar shafin gaba ke nan. Mai sito ya sani, ya yi shiru saboda kunyata. Makanikai sun rufe injin da tamfol, babu mai taɓawa. Mai burodin kuwa dattijo ne mai kawaici, ya zo ya yi mini gaisuwa, yanzu in ya zo tambaya sai ya riƙa kame-kame kamar shi ne mai laifi. Ƙaramin janareta yake lallaɓawa, na ji har ya ce wa wasu ma'aikatansa su zauna a gida tukuna. Manaja ya ce ƙarshen wata za a bi duk jajayen odoji ɗaya bayan ɗaya. Na san me zan yi, hannuna ne ya ƙi. Yaya zan yi in cire shi da kaina?

Taki,
Mai jiran kayan gyara

Ƙanwata, Allah ya jiƙan maigidanki, ya ba ki dangana. Ba ki taɓu ba, kuma ba zan yi miki faɗa a kan kewa ba. Wata rigar mijinta take ajiyewa, wata muryarsa a waya, ke kuma sunansa a saman jeri. Duk abu ɗaya ne.

Amma riga ba ta hana kowa aiki. Taki ajiyar tana da mai ita, yana can yana fama da ƙaramin janareta, ma'aikatansa suna zaune a gida. Kin kuma saka mai sito a tsaka mai wuya, domin ranar da aka duba, shi za a fara tambaya ina ringin. Mutanen nan sun yi miki kara, lokaci ya yi da za ki rama musu.

Kada ki jira ƙarshen wata. Ki je wurin manaja da ƙafarki, ki gaya masa yadda kika gaya mini. Wanda ya zo da kansa ba a yi masa irin kallon da ake yi wa wanda aka kama. Kafin ki taɓa komai, ki nemi mai kula muku da manhajar ya nuna miki inda tsofaffin ayyuka suke zama. Ina kyautata zaton rufe oda ba ya goge abin da aka rubuta a cikinta, amma ki gani da idonki don hankalinki ya kwanta. Ki nemi izini a buga miki bayanansa a takarda, da tsokanar da komai, ki kai gida. Can ne wurinsu, in kuna da yara su ma su san irin barkwancin babansu.

Sannan ki zaɓi makaniken da marigayin ya fi yarda da hannunsa, ki ba shi aikin. Ranar da za a tayar da injin, ki sauko daga ofis ɗin nan ki tsaya a wurin, tunda ya daɗe yana kiranki ki zo ki ga aikin gaske. In kuka ya zo ki yi abinki, babu wanda zai ga laifinki.

Ki sake karanta abin da ya rubuta na ƙarshe. Abu ɗaya ya roƙe ki, kada ki mayar da shi ja, ga shi watanni kina riƙe da shi a ja. Mutumin da yake jera notuna cikin gwangwanaye ba zai so a tuna shi da injin da ya bari a warwatse ba. Ki bari a ɗaura masa aikinsa, ke kuma ki rufe da hannunki.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya raya abin da ya bari.