Kaskon Junaidu Mai Ƙamshin Mangwaro

Gyadi-Gyadi,
Ranar Talata.

Zuwa ga Yayana Dakta Zakariyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan jiki yana ƙara sauƙi, wuyan kuma ya daina damunka. A gaida Hajiya Safiyyah da jikoki.

Yaya, na san za ka yi mamakin ganin takarda daga Gyadi-Gyadi zuwa Babban Giji, tafiyar da ko a ƙafa ana yi. To, tunda aka yi maka aikin maƙogwaro ba ka magana a waya, saƙonninka kuma ɗanka Haisam ke karanta maka, maganar nan kuwa shi ta shafa. Shi ya sa na ba Malam Ƙasimu direba, na ce hannunka kaɗai.

Wallahi kaina ya ɗaure. Tunda nake metiron a asibitin nan naka ban taɓa rasa bakin zare irin na makon nan ba.

Akwai wani nas da muka ɗauka bayan ka daina zuwa, sunansa Junaidu, ɗan Unguwar Gano. Ba ka san shi ba. Mai haƙuri ne da marasa lafiya, ba ya makara, matarsa kuma tana da tsohon ciki.

Watan jiya na shiga ɗakin hutun ma'aikata, sai na ji ƙamshi kamar an yanka mangwaro. Na duba, ga wani ɗan abu a jikin caji, bai fi kwalbar kwalli ba. Ka san yanzu an fito da kaskon turaren wuta na caji, ɗan mitsitsi, mata na jefa shi a jaka. Husaina ta ɗakin haihuwa tana da irinsa. Ni duk zatona shi ne. Na ce, "Na wane ne wannan?" Junaidu ya miƙe jiki a sanyaye ya ce nasa ne. Na ce, "Kai madalla da namiji mai son ƙamshi! Ka riƙa kunna mana shi a nan, ya kore mana warin izal ɗin nan." Ya zaro ido ya ce, "Metiron, da gaske?" Na ce, "Ni na faɗa." A gaban mutane fa, Yaya. Har cewa na yi in ya koma kasuwa ya sayo mini ɗaya.

Ashe taba ce! Wai tabar lantarki. Ba ashana, ba toka, zuƙa kawai ake yi.

Jiya wani Alhaji ya kawo matarsa awo, ya leƙa ta taga ya ga nas da farar riga yana fitar da farin abu ta hanci kamar madambaci. Ya tayar da jijiyar wuya, ya tara mana jama'a. Haisam, da yake shi ne manaja yanzu, ya zo ya nuna dokar da ka rubuta, wadda har yau take manne a bakin ƙofa: duk ma'aikacin da aka kama yana shan sigari a cikin asibiti kora ce, babu gargaɗi. Junaidu ya ce shi ba sigari ya sha ba, kuma ma Metiron ce ta ba shi izini. Duk aka juyo ana kallona. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Na faɗa wa Haisam yadda aka yi. Ya ce, "Gwaggo, wannan tsakaninki ne da hancinki, doka dai doka ce." Ya dakatar da shi, ya ce ranar Litinin zai ba shi takardar sallama.

Ga abin nan na ƙwace, na naɗe maka shi a leda. Kai ka kafa dokar, kuma babu wanda ya kai ka sanin taba. Don Allah ka duba ka gaya mini, sigari ce ko ba sigari ba ce? Abincin bawan Allah ya rataya a kan amsarka, ni kuma bakina ne ya jefa shi.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka,
Kulu.

*

Babban Giji,
Ranar Laraba.

Kuluwa,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, wuya da godiya.

Na yi dariya har Safiyyah ta shigo a guje ta ɗauka shaƙewa na yi, don dariyata yanzu ba ta da sauti sai fito. Metiron guda, mai gane ciwon suga daga numfashin mutum, ta yi odar taba a gaban ma'aikata!

Na duba abin naki. Kin manta tunda aka yi mini aiki numfashina ta wuya yake bi, hancina ya yi ritaya tare da ni. Ban ji mangwaro ba, ban ji komai ba. Na miƙa wa Safiyyah ban ce mata ƙala ba, ta shinshina ta ce a ina ake sayarwa. Kin ga ba ke kaɗai ba ce.

A zamaninmu taba tana da shaidu: wuta, toka, da wari a riga. Wannan ya zo babu shaida ko ɗaya. Na rubuta "sigari" a dokar ne don ita na sani, kuma kowa a asibitin ya san ina rubutawa nake zagayawa bayan katanga in kunna tawa. Abin da ba a ƙirƙira ba a lokacin, yaya zan hana shi? Amma kuma in na ce ba taba ba ne, me ake zuƙa a ciki? Ni ma ban sani ba, Kulu.

Ba na son in tsallake Haisam haka kawai. Ni na ɗora shi a kujerar, in na riƙa warware masa hukunci daga kan gado gobe ko masinja ba zai ji maganarsa ba. Ki bincika mini. Ki tambayi waɗanda suka fi mu sabon karatu, ki kuma tambayi shi Junaidun dalilin da ya sa yake sha. Da alama duk cikinku babu wanda ya tambaye shi.

Af, kaskonki na gawayi yana nan a ofis? Har yanzu kina turara mana asibiti kowace safiya, bango ɗaya da ɗakin tukwanen oksijin?

Yayanki,
Zakariyya.

*

Ofishin Manaja,
Ranar Alhamis.

Zuwa ga Metiron, Hajiya Kulu,

Gwaggo, barka da aiki. Malam Ƙasimu bai iya ɓoye takarda ba, a gaban mota yake ajiye ta. Ban buɗe ba, amma na san hannunki.

Ba ƙin Junaidu nake yi ba. Ki tuna Baba ya kori Malam Murtala maigadi a kan kara ɗaya, yana da 'ya'ya, kuma ke kika miƙa masa takardar. Ƙaninsa yana aiki a ɗakin magani har yau, yana kallonmu. In na bar mai farar riga saboda tasa tabar tana da caji, me zan ce masa? Tabar talaka ce kaɗai ke kora?

Matsayina yana nan har Litinin, sai in Baba ya ce a'a.

Na gode.
Haisam Zakariyya.

*

Gyadi-Gyadi,
Ranar Asabar.

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma ƙara yi maka sannu da jiki.

Ka ce in bincika, na bincika, yanzu kuma na fi da rikicewa. Ga takardar ɗanka nan na haɗo maka. Ta hana ni sakat, don gaskiya ya faɗa, ni na miƙa wa Murtala takardarsa.

Na je babban asibitin koyarwa na sami likitoci biyu da muka saba. Na farko ya ce ga wanda ya riga ya kamu da sigari, wataƙila wannan ya fi sauƙin illa, wasu ma da shi suke yaye kansu. Na biyu ya ce canza wa tuwo suna ne kawai, sinadarin da ke kama mutum yana ciki, kuma ba a daɗe da fito da shi ba balle a san ƙarshensa. Suka kama musu a kan baranda, suka manta da ni a tsaye. Na sulale na tafi.

Na tare limamin masallacinmu bayan Azahar. Ya ce in mai azumi ya zuƙa, azuminsa ya karye. Na ce, "To Malam, sigari ce ke nan?" Ya ce, "Hajiya, kunu ma yana karya azumi. Wannan tambayar likitoci ce." Ka ji fa, ya mayar da ni inda na fito.

A asibiti kuwa an rabu biyu. Husaina ta ce ita ko kyauta ba za ta yarda mai busa abu ta hanci ya taɓa mata jariri ba. Mazan suka ce tururi ne ba hayaki ba, in ana maganar hayaki a fara da kaskon mata. Haisam ya zauna zai gyara doka, ya rubuta "duk abin da ke fitar da hayaki", aka ce janareta fa? Ya goge ya sa "tururi", aka ce injin da muke sa wa masu asma fa, da tukunyar dafa kayan aiki? Ya yaga takardar ya fita.

Maganar kaskona kuma, Yaya, ban ji daɗinta ba. Turarena na Maiduguri ne, ba a zuƙarsa, kuma tun Inna tana raye nake turara duk inda zan zauna. To amma tunda ka faɗa na kasa kunna shi da daɗin rai. Shekaranjiya ina ɗora gawayi na ji wata tsohuwa a layin ganin likita tana tari, na rasa ko ni ce ko ciwonta ne.

Jiya na je Unguwar Gano. Na sami Junaidu a zaure. Ya ce tun yana makarantar koyon jinya yake shan sigari, ya yi ta ƙoƙarin bari ya kasa. Da matarsa ta sami ciki, ko rigarsa ta shinshina sai amai, shi ne wani abokinsa ya ba shi wannan. Tun daga ranar bai ƙara kunna kara ba. Da a waje yake sha, can bayan masu kifi, sai ranar da na ce ya riƙa kunna mana.

Na ce, "Junaidu, tsakaninka da Allah, ba ka gane ban san ko mene ne ba?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na yi zargi, Metiron. Amma izinin ya yi mini daɗi." Na rasa in mare shi ko in yi kuka. Ka ga shi ma ba wankakke ba ne.

Abin da ya tayar mini da hankali, da ya sunkuya na hango kwalin sigari a aljihun rigarsa, sabo, ba a ɓare ledar ba. Na ce mene ne wannan? Ya ce tun ranar da na ƙwace abin bai runtsa da kyau ba, ga zaman gida, ga tunanin haihuwa babu aiki. Ya saya ya ajiye, bai buɗe ba tukuna. Tukuna fa ya ce, Yaya!

Yanzu in an kore shi na san inda zai koma. In an bar shi, me za mu ce wa ƙanin Murtala? In na mayar masa da abinsa, taba na ba shi ko magani? Ni dai na gaji, kaina ya yi zafi. Ban ba Ƙasimu takardar nan ba, Junaidun na ba, na ce ya kawo maka da kansa ya tsaya a gabanka. Ka gan shi da idonka ka yanke.

Allah ya ƙara maka lafiya.
Ƙanwarka da ta rasa tudun dafawa,
Kulu.

*

Babban Giji,
Ranar Lahadi.

Kulu,

Wa alaikumus salam. Ya zo, mun zauna, shi yana magana ni ina rubutu. Na kira Haisam ma.

Ba za a kore shi ba. Doka ba ta ambaci abin ba, kuma metiron ta ba da izini a gaban shaidu. Za a ba shi gargaɗi a rubuce saboda ya ga kin yi kuskure ya yi shiru. Daga gobe babu abin da za a zuƙa ko a ƙona don jin daɗi a cikin katangar asibiti. Nasa ya tsaya a wurin maigadi, kaskonki da na Husaina su koma gida. Ki yi haƙuri. Maganar Murtala kuma ba ta Haisam ba ce, tawa ce, na ce a nemo mini shi.

Da zai tafi na miƙa masa abinsa. Ya riƙe ya ce, "Baba, don Allah shi wannan yana da illa?" Na rubuta masa: ban sani ba. Sai na nuna aljihunsa, na kwance ƙyallen wuyana, na bar shi ya ga ramin da nake numfashi da shi. Na rubuta: wannan kam na sani.

Ya daɗe yana kallo. Nas ne, ya ga irinsa a littafi, amma bai taɓa ganin na mai gidan da yake wa aiki ba. Ya zaro kwalin sigarin ya ajiye a kan teburina ya fita.

Ki turo Ƙasimu yau, ba gobe ba, ya ɗauke kwalin nan daga gidana. Hancina ba ya jin komai, Kulu, amma tun ɗazu hannuna yake zuwa wajensa.

Yayanki,
Zakariyya.