Ordinatar ta farka, Baba bai yi magana ba

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki, ya zafin Agadas? Ya Hajara da yara? Mu nan Madarumfa lafiya lau, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Tsohuwar ordinatar, wato kwamfutar da ka naɗi muryar marigayi Baba a ciki, ta mutu murus. Na kai ta Maraɗi wurin wani mai gyara. Ya zare faifanta, ya ce zai ƙera mata jikin ƙarya cikin tasa ordinatar, ta zaci nata ne ta farka. Wai kaɗan take buƙata: ƙwaƙwalwar lissafi, wurin riƙe tunani, agogo, faifai, sai allo. Na ce, "Bawan Allah, ruɗinta za ka yi ke nan?" Ya yi dariya.

Ta kuwa farka, har hoton Baba a bakin tabki ya fito. Amma da na taɓa muryar, shiru. Wai bai kwaikwayi ɓangaren sauti ba tunda farkawar ba ta buƙatarsa, in bar masa faifan in dawo. Yaya, wanda ya yi wa na'ura ƙarya ta yarda, ni ce zan gagare shi? Na karɓe abina, yana cikin kwallar Inna.

Kai ka san harkar, gaskiya ya faɗa? In ka ce in koma zan koma, amma a gabana zai yi.

Ka gai da Hajara, ku sa mu a addu'a. Ka amsa da wuri, don kullum Inna sai ta tambaye ni ko Malam ɗinta ya yi magana.

Ƙanwarka,
Rabi