Wa Zan Miƙa wa Makullin Lambu?

Litinin, 7 ga Afrilu

Ƙarshen watan nan zan sauka daga shugabancin lambun ɗalibai. Al'adarmu, mai sauka ne ke miƙa makullin rumfar kayan aiki ga wanda ya ga dama, shi ke nan an yi sabon shugaba. Ni kuwa tun Janairu na ce wa Colby nasa ne. Abokina ne tun shekarar farko, kuma a taro ba ya barin tambaya ta faɗi ƙasa.

Yau a ajinmu na koyon jagoranci Farfesa Lindqvist ta ba mu wani aiki mai ban dariya. Wai duk mai jagorantar wani abu ya lura, in ya yi tambaya, wa idonsa ke fara nema. Na ce a raina, ni Noemi ai kowa nake kallo. Za mu gani.

Laraba, 9 ga Afrilu

Colby. A taron lambu na yau, kowace tambaya, Colby! Kamar an ɗaure min ido da zare a jikinsa.

Lorinda Etsitty tana can kusa da tulin taki, kanta a sunkuye. Tun bara take zuwa, ba ta fashi, amma in aka ce in kwaikwayi muryarta ba zan iya ba. Na daɗe da yanke cewa kunya gare ta, ko abin ne bai dame ta ba. Yaushe na yanke? Wa na tambaya?

Asabar, 12 ga Afrilu

Ikon Allah! Na bi ta gaban laburare, ɗaliban ƙabilar Diné, 'yan asalin ƙasar nan, suna sayar da soyayyar gurasa da farfesun rago, sai na ji wata murya tana ba da umarni kamar kwamanda. "Kai Dwayne, wannan gurasa ce ko tayar mota? Sake!" Kowa na dariya. Na leƙa. Lorinda ce, da ludayi a hannu.

Na ce, "Ashe kina da baki?"

Ta ce, "Ina da shi mana. A gidanmu in mutum ya yi magana, sai a dakata a tabbatar ya gama. Ku kuwa kafin in gama dakatawa kun wuce batu uku." Ta ce zuba wa mai magana ido ma rashin kunya ne a wurinsu. Na sayi farfesu, ta ƙara min barkono ba tare da ta tambaye ni ba.

Abin ya tsaya min a rai har na cinye ban ji ɗanɗano ba. Wato abin da nake kira rashin damuwa, ladabi ne take yi min?

Lahadi, 13 ga Afrilu

Na gaya wa Kaka a waya zan gwada yin shiru a taro. Ta yi dariya har da tari. "Ke? Ranar da aka haife ki ma ungozoma ba ta samu ta ce komai ba."

Laraba, 16 ga Afrilu

Na gwada. Na roƙi Colby tun kafin taro ya riƙe bakinsa, ya ce, "Malama, so kike in kumbura?" Amma ya yarda.

Na tambaya me ya sa mutane suka rage zuwa aiki, sannan na kame. Wayyo, shiru da nauyi! Har na buɗe baki zan amsa wa kaina, sai Lorinda ta fara magana, idonta na kan kunyar kabewa.

Ta ce muna cewa lambu na kowa ne, amma Asabar kaɗai muke aiki, ranar da masu aikin kanti suke bakin aiki, masu iyaye a nesa suna hanya. Kuma dokarmu ta ce wanda ya yi aiki ne ke ɗibar amfani. Ta ce, "To waɗanda suka fi bukatar waken su ne ba sa samu."

Ni na kawo wannan dokar. Har alfahari nake da ita. Haushi ya kama ni sosai, ba zan ɓoye ba. Na so shiru ya haifo min yabo, sai ya haifo wannan.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Haushin bai tafi ba. Gaskiyarta ma ba ta tafi ba.

Talata, 22 ga Afrilu

Na tarar da Lorinda tana ba masara ruwa, na ce ina tunanin ba ta makullin. Na ɗauka za ta yi murna. Ta daɗe tana kallon bakin tiyo, sannan ta ce, "Don ni za ki ba ni, ko don kin shiga wani aji kina so ki ji ke mutuniyar kirki ce? Ba na son a ɗauki hotona a manna a bango."

Amsa ta zo min baki da gudu, mai daɗin ji. Na haɗiye ta. Na ce ban sani ba.

Ta ce, "To je ki gano."

Wannan yarinya za ta kashe ni. Amma abin mamaki, tambayar tata ta fi duk karatun zangon nan shiga kaina. Ashe ana iya ƙin ganin mutum, a dawo a ɗora shi a kai, kuma duk ba shi ake kallo ba.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Na gano, ina jin. Duk tsawon shugabancina ita kaɗai ta ce min na yi kuskure. Colby bai taɓa ba. Abin da na faɗa yake maimaitawa da murya mai ƙarfi, ni kuma in ce kai, yaron nan akwai basira.

Na faɗa mata haka. Ta ce za ta karɓa, amma sai na fara gaya wa Colby da bakina.

Na same shi a ɗakin cin abinci, na gaya masa. Ya ajiye cokali. "Kin min alkawari, Noemi. Na gaya wa babana."

Na ce na yi, kuma na yi shi ne kafin in ji kowa. Na ce laifin nawa ne, ba nasa ba.

Ya ce, "Wato laifina ina magana? Ai ke kike tambayata!"

Gaskiyarsa ce, kuma ita ta fi yi min ciwo. Ya ɗauki farantinsa ya koma wani tebur. Na karya alkawari, wannan ba ya da wani suna mai daɗi. Farfesa ba ta ce mana abin zai ci aboki ba.

Laraba, 30 ga Afrilu

Na miƙa makulli. Lorinda ta jagoranci taro, ya yi tsawo har ƙafata ta yi tsami. Colby ya zo. Can baya ya tsaya, bai gaishe ni ba, amma da aka zo rabon ranaku ya ɗauki Talata da yamma.

Ana batun ban ruwa, ina da shawara mai kyau, har na ɗaga hannu rabi. Sai na sauke. Can wani ɗan aji ɗaya mai faffaɗar hula ya faɗi abin da zan faɗa, har ya fi nawa tsari. Tun lokacin kaka yake zuwa, sai yau na tambayi sunansa. Efraín.

Shirun da na yi ba wai wani abu ba ne. Maƙogwarona ne ke ɗan ciwo.